Allurai da Jiƙon Inna

Litinin, da safe

Yau aka fara alluran. Karo na biyu ke nan. Na farkon, na bara, ba zan yi maganarsa ba.

Maigidana Malam ne ya yi min, kamar wancan karon. Ya wanke hannu, ya goge min ƙasan cibiya da auduga, sannan ya tsaya da sirinji yana kallon fatar. Mutumin da aikinsa koyar da tuƙi, wanda ɗalibi zai nufi katanga da shi bai ko ƙifta ido ba, shi ne yau ya kasa soka allura. Na ce, "Malam, in ba za ka iya ba kawo, ni da allura mun saba." Ya ce, "Ta ɗinkin labule daban, Tela." Ya yi bisimilla ya soka.

Likita ta ce za a yi ta yi kullum har ƙwayayen su nuna da yawa, sai a ɗebe su, a haɗa da nasa a ɗakin gwaji, in sun kama a mayar min. Na san hanyar, na bi ta. Sanin ne ma ya fi tayar min da hankali. Bara ban san abin da zan ji tsoro ba.

Litinin, bayan la'asar

Mun dawo daga aiki mun tarar da Inna, mahaifiyar Malam, zaune a bakin matakala da jarka tsakanin ƙafafunta. Gidanta ba nisa, layi ɗaya ne tsakaninmu, amma jarkar daga nesa ta zo. Mota biyu ta hau, sannan ta taka da wannan gwiwar tata, zuwa wajen wata tsohuwa da aka ce hannunta na da sa'a. Jiƙon saiwoyi ne, baƙi ƙirin, yana wari kamar itacen da ya daɗe cikin ruwa. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Da kanta ta zuba ta miƙo min. "Sha, 'yar nan. Likitoci su yi nasu, mu ma mu yi namu. Wannan wanke mahaifa yake yi ya zaunar da ita."

Na kalli Malam. Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe yana kwance ta.

Na sha. Ɗacin har cikin kunne.

Shekara bakwai Inna ba ta taɓa yi min gori ba, ko a fuska. Da ta taɓa yi, da na fi samun bakin cewa a'a.

Laraba, da yamma

Yaya ta zo shago ta ɗauke ni kafin a tashi. Tun watan jiya take damuna da maganar wata mata mai allurar nan ta 'yan Sin, wadda ake tsittsira wa mutum a jiki. Wai wata abokiyar aikinta ta haɗa da na asibiti ta dace. Na ce Yaya, cikina ya zama matashin allura, za ki ƙara min? Ta ce, "Auta, tashi mu tafi, ba shawara na zo nema ba."

Wurin a saman wani shagon takalma yake. Ɗaki ɗaya, gado siriri, labule ruwan toka wanda aka yi wa kalmasa a karkace, idona ya ƙi barinsa. Matar dattijuwa ce mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Ta riƙe min wuyan hannu ta ji bugun jinina, ta ce in fito da harshe. Ta ɓare alluran daga leda a gabana, sirara kamar gashi. Ƙafa, gwiwa, hannu, goshi. Ban ji komai ba sai wani ɗan nauyi, kamar an ɗora yatsa.

Ta kashe fitila ta fita. Sai ga hawaye yana gangara min cikin kunne, ba dalili, kuma ba halin sharewa, hannuwana duk allura.

Da ta dawo ta ce, "Ba zan ce miki wannan zai ba ki ciki ba. Wasu na samun barci, wasu hankalinsu na kwanciya." Ta ba ni wani gari a ƙananan ƙunshi, na shayi, ta ce kar in taɓa sai na nuna wa likitata. Ta tambaya ko ina shan wani abu. Na ce a'a.

Ban san me ya sa na ce a'a ba.

Alhamis, da safe

Na yi barci jiya. Na manta yadda yake.

Inna ta zo da sassafe, ta zauna har na shanye kofin.

Juma'a, da rana

An yi hoton ciki. Likita ta juyo min da allon ta ce ga su nan suna tasowa. Ni dai baƙaƙen ramuka na gani, kamar saƙar zuma.

Na fito da ƙunshin Malama na ajiye a tebur, na faɗi maganar alluran. Ta ce in dai sababbi ake ɓarewa, kuma ba a taɓa ciki ba, ba ta hana ni ba. Garin kuwa ta ce in ajiye. Sai na ji bakina ya ce, "Akwai kuma wani."

Ta ajiye biro.

Ta tambaya mene ne a ciki, na ce ban sani ba. Tun yaushe, na ce tun ranar da aka fara allura. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi min. Ta ce, "Ban ce guba ba ne. Ban san mene ne ba, matsalar ke nan. Akwai saiwar da ke tsinka jini, akwai wadda ke taɓa hanta, akwai wadda ba ta yin komai. Sati mai zuwa zan shiga jikinki da allura. Ki daina yau." Ta sa aka ɗebi jinina.

A mota na ce wa Malam shi zai gaya wa Inna. Ya ce to. Ya ce to sau uku kafin mu iso gida.

Asabar, da yamma

Bai gaya mata ba. Ni na ce mata Likita ta canza lokacin allura, don haka jiƙon sai na je shago zan riƙa sha. Ta ce Allah ya yi min albarka.

Litinin, da hantsi

Inna takan ɗaga jarkar ta duba inda ya tsaya, kullum kuma raguwa yake yi. Na ɗauka Malam zubarwa yake. Yau da safe ya matso zai yi min allura, sai na ji warin a bakinsa.

Na ce, "Malam, me ka sha?"

Ya ce ba zai iya zubar da abin da mahaifiyarsa ta taka da ciwon gwiwa ta samo ba, ga addu'o'in da ta tofa a ciki. Ya yi dariya ya ce in ya wayi gari da ciki in ɗinka masa riga mai faɗi. Ni ban yi dariya ba. Sai ya sauke murya ya ce, "Ai dama ni ya kamata in sha tun farko."

Ba mu ƙara magana ba. Abin da Likita ta gaya mana game da gwajinsa ranar da ta kira mu mu biyu ta rufe ƙofa, shekara huɗu ke nan, ba ma taɓa shi. Yana nan tsakaninmu kamar kujerar da ba a zama a kai. Yau ne karo na farko da ya goge ta da gefen rigarsa.

Talata, da rana

Hoto kuma. Sakamakon jinin ya fito, ba a ga komai ba, na yi hamdala. Amma Likita ta daɗe tana kallon allon tana ƙirgawa a hankali, ta kira wata ma'aikaciya ta zo ta ƙirga. Na ce lafiya? Ta ce sun yi yawa. Na ce ai yawan ake nema. Ta ce, "Akwai yawan da ba ma so." Ta rage min maganin, ta ce in yi ta shan ruwa, in na ji numfashina ya canza ko fitsari ya ragu in zo ko wane lokaci ne.

Na tona asirin Malam a gabanta. Ta cire tabarau ta kalle shi ta ce, "Kai ma ana bukatar naka ranar Juma'a. Ka daina." Ya yi tsuru-tsuru kamar ɗalibin da ya taka birki a maimakon totur.

Daga yau a gorunan ruwa zai riƙa juye jiƙon, yana tarawa a but ɗin motar koyo. Ya ce in ɗalibi ya taka rami za a ji suna ƙara.

Laraba, a shago, lokacin cin abinci

Siket ya ƙi rufuwa. Na bar zif a buɗe na saki riga a kai.

Muna auna labulen wani ofis, ni da wadda muke kira Rediyo, ita da bakin yadin can ni da nan. Na miƙe, sai ta kafe cikina da ido, ta saki yadin ta zo ta rungume ni. "Ashe ɓoye mana kike yi, munafuka. Wata nawa?" Kafin in buɗe baki ta sanar da masu guga da mai yanka. Uwar ɗakinmu ta fito daga ofis tana murmushi, ta ce daga yau an hana ni hawa tsani.

Na ce ba haka ba ne, magani ne. Suka ce ai kowa haka yake cewa.

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi har aka ƙwanƙwasa.

Alhamis, da yamma

Wajen Malama. Yau ban yi kuka ba. Na gaya mata gaskiyar jiƙon, ta ce ta sani tun ranar farko, ta ji warinsa a mayafina. Na ce me ya sa ba ki ce komai ba? Ta ce, "Na tambaye ki. Ba na tambaya sau biyu, marasa lafiya guduwa suke yi." Sannan ta ce, "Wataƙila da na sake tambayar ki ya fi."

Gobe za a ɗebe su. Ba ci ba sha daga dare.

Juma'a, bayan la'asar

An yi. Ban san komai ba, na ƙirga fitilun silin na farka Yaya na shafa min ƙafa.

Sun samu ƙwayaye da yawa. Malam ma an kira shi ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen baranda, ya fito bai kalli kowa ba. Likita ta ce abin da aka samu daga wajensa kaɗan ne kamar wancan karon, amma ɗaiɗai za su tsinta su sa wa kowane ƙwai, zai isa. Ta faɗa a hankali, don Yaya na bayan labule.

Sai ta ce ba za ta mayar min da ko ɗaya a wannan watan ba. Jikina ya ɗau zafi da maganin, in ciki ya shiga yanzu abin zai ƙaru. Waɗanda suka kama za a daskarar da su a ajiye. Na ce na ji lafiya, ta mayar kawai. Ta ce a'a.

Duk wannan allurar, kuma in koma gida hannu biyu.

Asabar, da safe

Ciwo. An ce dama za a ji.

Lahadi, da rana

Na yi amai sau biyu. Inna ta zo da sabuwar jarka, ta ce ta ga waccan ta kusa ƙarewa. Ta ga cikina ta yi murmushi ta kau da kai. Da za ta fita na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa a matakala.

Ya Allah.

Litinin, da safe

Na ɗauko tef ɗin awona na zagaya cikin. Jiya na auna, yau ya ƙaru da inci biyu. Fatar ta miƙe tana ƙyalli. Tun jiya da la'asar ban yi fitsarin kirki ba.

Malam ya ce mu tafi asibiti. Na ce kumburin allura ne, ya tafi aikinsa, yana da masu jarrabawa yau. Gaskiyar ita ce in na je za su faɗi sunan abin, in kuma ban je ba wataƙila ya sauka da kansa. Ko kuma su ce kofunan nan da na sha ne. Ina ta lissafa su, safe da yamma, safe da yamma.

Laraba, da hantsi, a asibiti

Sai yau na iya riƙe biro, hannun dama ne ke da robar ƙarin ruwa.

Ranar Litinin ɗin da rana na ce bari in je wajen Malama ko ta sauke min kumburin. Matakalar shagon takalman nan da nake hawa ba tunani, sai da na zauna a tsakiya, iska ta ƙi shiga ƙirjina. Mai shagon ne ya kira ta. Ta sauko ta dube ni, ta danna min ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

Na ce, "Malama, ko guda biyu ki sa min."

Ta ce, "Wannan ba aikina ba ne." Ta tare mota da kanta, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta, ta zauna baya ta jingina ni a kafaɗarta. Duk hanya tana cewa direba ya yi sauri amma kar ya faɗa rami. Ita ta kira Yaya, Yaya ta kira Malam.

An ce ruwa ne ke tsiyaya daga jijiyoyina yana taruwa a ciki, har ya fara hawa ƙirji. Jinin kuma ya yi kauri, ana tsoron ya dunƙule. In mutum ya tsorata akan ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Ni nawa ya ɗura da gaske.

Laraba, da yamma

Sun soka roba a gefen cikina sun zuƙe. Na ga jakar tana cika, ruwan kalar shayi marar madara. Ban sake kallo ba.

Alhamis, da safe

Ana auna fitsarina a kofi mai layi-layi. Ban taɓa zaton zan yi addu'a a kan fitsari ba.

Alhamis, da rana

Na tambayi Likita kai tsaye, jiƙon ne? Ta zauna a bakin gadon. Ta ce wannan ciwon sananne ne, alluran da ta rubuta min ne ke kawo shi, kuma yana kama matan da ba su taɓa shan ko ganyen shayi ba. Na ce to jiƙon bai ƙara ba? Ta ce, "Ba na zato. Amma in na ce miki na tabbata na yi ƙarya." Ta ce huɗu sun kama, an ajiye su.

Huɗu. Na so in yi murna, numfashin bai ishe ni ba.

Matar gadon kusa da ni an fita da ita da asuba a kan gadon turawa, ba a dawo da ita ba. An canza zanen gadon. Na tambayi mai shara, ta ce an mayar da ita wani ɗaki ne. Ta faɗa da sauri.

Juma'a, da safe

Ƙafata ta hagu na ciwo. Sun zo da na'ura sun duba. Ba su ce komai ba tukuna.

Ba na so in mutu a kan wannan. Na rubuta, ga shi nan.

Juma'a, da yamma

Ba gudan jini ba ne, in ji su. Allurar tsinka jini dai za a ci gaba da ita.

Yaya ta ce Inna na baranda tun ranar Litinin. Takan zo da safe ta zauna a benci, ta ƙi shigowa, ta ƙi cin komai. Jiya ta tare Likita da jarkar a hannu tana cewa a gwada, in ita ta kashe 'yar mutane a gaya mata. Likita ta yi mata bayani, ba ta ji ba. Ta ce ai ta gani da idonta, jarka guda yarinyar nan ta shanye.

Na ce wa Yaya ta kira min Malam.

Na ce masa, "Tsohuwar nan za ta faɗi a barandar nan. Ka gaya mata ba ni na shanye ba." Ya ce to. Na ce, "Ba irin wancan to ɗin ba." Ya tsaya riƙe da ƙarfen gadon. Ya ce in ya faɗi wannan, za ta tambayi dalilin da ya sa shi ya sha. Na ce na sani. Na ce ni ban ce ya faɗi komai bayan wannan ba, shekara huɗu ban ce ba, yau ma ba zan ce ba. Na juya fuskata bango.

Asabar, da rana

Gadona kusa da taga yake, ana hango inda ake ajiye motoci. Na ga Malam ya riƙo hannun Inna sun nufi motar koyo. Ya buɗe but. Ta leƙa, ta ɗaga gora ɗaya ta duba a rana, ta mayar. Ta yi magana, ya amsa. Ta sake magana. Sai na ga ya durƙusa a gabanta a kan kwalta, da farar rigarsa ta aiki, yana magana kansa a ƙasa. Ya daɗe. Wata mota ta zo tana neman wuri, ta yi hon, ba wanda ya motsa, ta kauce.

Inna ta dafa motar. Daga baya ta zauna a bakin but ɗin.

Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Asabar, bayan la'asar

Ta shigo. Ta rame, ɗankwalinta a karkace. Ta ja kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon robar hannuna.

Ta ce, "Tun yaushe kuka sani?"

Na ce, "An daɗe, Inna."

"Kika bar ni ina ta ɗura miki ɗaci."

Na ce ban san yadda zan yi ba. Ta ce, "Duk inda na je neman magani sunanki nake bayarwa. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake a taya 'yar nan da addu'a." Ta miƙe ta gyara min bargo, ta ja shi da ƙarfi har ya fita daga ƙafata, ta fita ba sallama.

Lahadi

Inna ba ta zo ba.

Litinin, da safe

Kofin ya cika har layin sama. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga shi ta ce barka, kamar na haihu. Muka yi dariya, cikina ya yi zafi.

Inna ba ta zo ba. Malam ya je gidan, ta ce ta ji sallamarsa, ya tafi. Ya zauna a nan yana ta ɓare min lemo ina cewa ya isa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kamar an zare masa wani abu daga gadon baya. Amma yau da Yaya ta shigo ya ɗaga kai ya kalle ta sosai ya gaishe ta. Da can ƙasa yake kallo.

Talata, da yamma

Rediyo ta zo da sauran 'yan shago. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ita da ba ta iya shiru ba, ta ce, "Ki yafe min bakina." Na ce in ta gama min labulen ofishin nan na yafe. Ta ce ta gama, amma a karkace ta yi kalmasar, sai na dawo na kwance ta.

Malama ta aiko Yaya da saƙo, wai in na warke in zo ko hira ce, ba sai da allura ba.

Na kwanta rigingine yau, numfashina bai tsaya ba. Duk da haka ina ta saurarensa.

Alhamis, da rana

An sallame ni. Muna haɗa kaya sai ga Inna, da mayafinta na fita unguwa. Ba ta kalli ɗanta ba. Ta gaida Likita ta ce, "Yaran nan da aka ce an ajiye, ina suke?"

Likita ta ce ba a shiga, amma za ta nuna mata ƙofar. Muka bi baranda a hankali, ni a keken marasa lafiya, Malam na turawa, Inna na ɗingishi a gefe. Farar ƙofa ce kawai, da ƙaramin gilashi. Inna ta yi ɗage ta leƙa. Ba abin da ake gani sai wasu tukwanen ƙarfe masu murfi.

Ta ce, "A cikin wannan?" Aka ce eh. "Su huɗun?" Eh.

Ta ɗora tafin hannu a ƙofar ta yi addu'a, leɓenta kawai ke motsi. Da ta shafa, ta juyo ta ce wa Malam, ba tare da ta kalle shi ba, "Tura ta a hankali, ba motar koyo ba ce." Ya ce, "To, Inna." Na ji hannunsa ya saki a kan keken.

Juma'a, da hantsi, a gida

Likita ta ce sai jikina ya huta wata biyu ko uku, kuma mayarwar ba ta bukatar waɗancan alluran masu kumbura mutum. Ta ce ba gaggawa, suna nan ba inda za su.

Ɗazu Malam na haɗa min shayi na ce masa ina tsoro. Na ce duk lokacin da na rufe ido matakalar nan nake gani, da iskar da ta ƙi shiga. Ya ajiye cokali ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ya ce, "To a bari, Tela. Wallahi a bari. Na ga abin da ya ishe ni. Ni zan gaya wa kowa, da bakina."

Na san da gaske yake. Na daɗe ina kallon tsakiyar kansa, furfura ta fito masa a wurin, ban san yaushe ba.

Na ce, "Ban ce ba zan koma ba, Malam. Cewa na yi ina tsoro."

Ya ce to. Ya zauna a nan, shayin ya huce a kicin.